Ranar da Mazagi Ya Tsinke a Utako

A shekarun nan da Abuja ke tumbatsa, benaye na tashi ta ko'ina, ni ma'aikacin wucin gadi ne a wani sito a Idu, kwana kuma a Karshi. Wanda ya san tsakanin nan ya san wahala ce zalla. In abu ya lalace maka a hanya, babu gidan gwaggo da za ka ratse, babu wanda ya san ubanka. Shi ya sa na nemi wani ɗan gwangwanin alawa mai faɗin tafin hannu, na ce duk abin da zai fid da ni kunya a titi sai ya zauna a ciki.

Zaɓen kayan ma ya sha mini kai. Almakashi ya hana murfi rufuwa, na musanya shi da reza. Wani Bakatsine a kasuwar Utako ya sayar mini da 'yar tocila yana rantsuwa sai jikokina sun gaje ta, mako bai zagayo ba ta mutu murus. Gam kuwa fashewa ya yi, ya manne allura da ashana wuri guda, sai da na sake lale. A ƙarshe na tsaya kan reza, allura da zare, filasta, maganin ciwon kai, igiyar takalmi, da babban fil mai rufe baki. Na ji daɗi ƙwarai, har ina taɓa aljihu a mota ina murmushi ni kaɗai.

Kuskuren da aka yi, gwangwanin ya buɗe a gaban mutane. Shi ke nan, na zama kantin sito! Wannan ya ce kai na sara, wancan ya ce maɓalli ya cire. Oga da kansa ya aiko a karɓi allura, wa ya isa ya ce masa dawo da ita? Mu kuma tarbiyyarmu ta hana ka ce babu alhali akwai, ta kuma hana ka bi sawun allura. Ka tambaya a ce, "Haba Malam, don wannan ɗan abin?" Ina cikawa suna kwashewa, ina cewa ba komai, zuciyata na tafasa.

Ana nan aka ce za a ɗauki mutum ɗaya aiki na dindindin, za a gana da mu da safe. Ni da nake da mata da goyo, wannan gurbin nake roƙon Allah tun da na zo. Ana gobe ganawa, wani abokin aikina mutumin Filato, mai kirki ne wallahi, ya ce, "Malam, ara mini fil ɗinka, katin aikina tana faɗuwa." Shi ma yana cikin masu nema. Na miƙa masa. Igiyar takalmin kuwa tuni wani ya ɗaure kwali da ita.

Washegari na sa shaddata ta Sallah, na yi sammako. A Utako, wajen kokawar sauka daga bas, wani ya taka mini ƙafar wando, na ji ƙas a ƙugu. Mazagi ya tsinke, bakinsa ya shige can cikin ƙubaka. Innalillahi! Na zura hannu a aljihu na damƙe wandon, na lallaɓa bayan wata rumfa, na buɗe gwangwani da hannu ɗaya. Reza da filasta ke kallona. Abin da fil zai zaro cikin ƙiftawar ido, na yi ta tura yatsa, na yi da tsinke, ya ƙi.

Teloli ba su buɗe ba. Ga shi an hana 'yan acaɓa shiga gari, balle in haye in huta. Na riƙa bin rumfuna ina tafiya kamar mai kaciya, ina tambayar fil, wasu na dariya. Wata mai ƙosai ce ta ji tausayina, ta yago bakin tsohon zane ta ce, "Ɗana, ɗaura wannan." Na ɗaure ta saman wandon, na bi layin motar Idu, ga cunkoso, ina zufa ina tsine wa gwangwani da mai shi.

Ko da na isa, masu ganawa sun tashi. Na roƙi oga, ya ce wanda bai iya zuwa kan lokaci yau ba, ina zai iya gobe? Kunya ta hana ni cewa wandona ne ya tsare ni.

Ina tsaye a bakin sito sai ga abokin nan nawa, baki har kunne, shi aka ɗauka. Ya rungume ni, ya cire fil daga ƙirjinsa ya sa mini a hannu. "Malam, na gode, ta taimake ni sosai. Amma me ya hana ka zuwa?"

Na dube shi, na jefa fil ɗin a gwangwani. Na ce, "Ba komai. Allah ya sanya alheri."