Tsummokaran Mama Ladi

Har na bar aikin nan ba zan manta da ranar da oga ya tura ni Kagoro ba. Watan Maris ne, ina ƙaramin malamin gona, ina ji da takarduna.

Wadda ta nemi ofishinmu Mama Ladi ce, tsohuwar hedimistires. Cuta ta cinye citta a gonakin yankin, amma ita kwando ɗaya ya tsira mata, irin da ta gada wurin mahaifiyarta. Tana son ɗakin leda a bayan gida, ta shuka a buhu, kada ruwan sama ya kawo masa cutar. In kwandon nan ya lalace, irin ya ƙare.

Ƙa'idarmu ita ce a auna fili, a nuna hotuna, a ba da shawara. Na zaɓar mata dogo mai tsini, irin na filin gwajinmu.

Ta ce, "Ɗana, ka auna ƙasa. Ka auna iska?"

Ta kai ni bayan gida. Sanduna ne a kafe ko'ina, kowanne da tsumma a ɗaure. Damina guda ta yi tana kallon inda suke kaɗawa.

"Iskan dutsen nan ba ya tafiya kai tsaye. Yana saukowa, ya bugi katangan coci, ya juyo nan. Ba ni gajeren, mai ƙusumbi, gefensa raga. Ya ba dutse baya."

Na ji haushi. Na rubuta a rahoto cewa ta ƙi shawara. Aka kafa mata gajeren yadda ta ce.

Hadarin farko na Afrilu ya ɗauke namu na filin gwaji, aka tsinci ledar a kan mangwaro. Washegari na hau babur zuwa gidanta. Na tarar rufin kwanon maƙwabta a hanya, nata kuwa ko igiya ba ta saki ba. Na leƙa ciki, ga citta ta tsiro layi-layi, kore shar. Na cire hula ban sani ba.

Ta ce, "Ubangiji ya riƙe. Shigo, ka sha kunu."

Da kaka matan zumunta na coci suka samu iri daga ɗakin nan. Mu ma a wurinta muka roƙa, kuma ni aka aika.

Ku sababbin ma'aikata, kun sha tambayata me tsumma yake yi a jakata. Ita ta kwance ta ba ni. Duk gidan da na je, shi nake fara ɗaurawa, in tambayi mai gidan abin da ya gani, kafin in buɗe littafi.