Daƙiƙa Arba'in na Ladabi

Wata rana da damina, bayan la'asar, jirage tara suna shawagi a saman wani filin jirgi, kowanne yana jiran layinsa na sauka. Lokacin dawowar alhazai ne. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

A hasumiyar filin, wata ma'aikaciya mai suna Barira ce ke riƙe da rediyo. Ita ke cewa wannan ya sauka, wancan ya dakata.

Rediyon jirgi yana da wata ɗabi'a. Tasha ɗaya kowa yake hawa, kuma mutum ɗaya ne kawai zai iya magana a lokaci guda. Ka danna maɓalli ka faɗi taka, ka saki ka saurara. Muddin maɓallinka yana danne, ba ka jin kowa, kuma duk wanda ke tashar kai kaɗai yake ji.

Barira ta ba wani jirgin alhazai izinin sauka. Mutum ɗari uku da sha biyu ne a cikinsa. Mataimakin matuƙi, Lurwanu, shi ke tuƙi a ranar. Babban matuƙi, Kyaftin Mamuda, mai shekara talatin da ɗaya a aikin, shi ke amsa rediyo. Ya maimaita izinin kamar yadda doka ta ce, ya ɗauke yatsansa.

Maɓallin bai taso ba. Ya maƙale a ciki.

A daidai lokacin wani jirgin kaya da ke tafiya a ƙasa ya ɓace hanya saboda ruwan, ya shigo tsakiyar titin sauka, ya tsaya yana jiran a gaya masa inda zai bi.

Barira ta gan shi a allonta. Ta danna nata maɓallin, ta umarci jirgin alhazai ya fasa sauka.

Ba amsa. Sai wata murya da ta cika mata kunne, a natse, da Hausa.

"Ba abin da ka faɗa ne ya dame ni ba, Lurwanu. A gaban yarinyar da ta kawo mana shayi ka faɗa. Ni za ka koya wa rediyon da ake bari a kunne?"

Abin da ya faru shi ne, rabin awa kafin nan Kyaftin ya rage sautin rediyo na biyu, wanda ake ajiyewa a tashar gaggawa, saboda ƙarar hadari ta ishe shi. Lurwanu ya ce da an bar shi. Kyaftin bai tanka ba a lokacin. Sai yanzu.

Barira ta koma tashar gaggawa ta kira shi sau uku. Shiru.

Abokin aikinta ya ɗauki jar fitila, alamar hana sauka, ya haska ta taga. Ruwa ya haɗiye hasken.

Saura kilomita bakwai jirgin alhazai ya iso titin.

"Ranar da na fara tashi da jirgi, mahaifinka ko aure bai yi ba. A gidanmu ba a katse babba. Ban sani ba ko a naku ana yi."

"Allah ya huci zuciyarka, Kyaftin."

"Ban gama ba."

Matuƙan sauran jiragen duk suna ji. Na jirgin kayan ma yana ji, yana zaune a tsakiyar titi, bai san cewa muryar nan kansa ta nufo ba.

Saura kilomita huɗu. Barira ta ci gaba da maimaita umarnin, tana sane da cewa ba ya zuwa ko'ina.

Saura biyu.

Sai ta ji an yi gyaran murya.

"Kyaftin, ka yafe ni, zan katse ka."

"Ka ga irin abin da nake faɗa ko?"

"Jirage tara ne a saman nan. Tun da aka ba mu izini ban ji ko ɗaya ya yi magana ba."

Kyaftin ya dubi hannunsa. Ya sa farce ya ɓamɓaro maɓallin.

Muryar Barira ta faɗo musu a tsakiyar jimla: "...jirgi a kan titi, kada ku sauka, ku tashi, ku tashi yanzu."

Lurwanu ya tura injinan har ƙarshe. Jirgin ya ɗan ƙara nutsewa kafin ya ɗaga hanci. Matuƙin jirgin kayan ya ce daga baya ya ga tayoyi sun wuce ta saman gilashinsa, har yana iya ganin ruwa na zuba daga jikinsu.

Can baya a cikin jirgin, alhazai ba su san komai ba. Wata tsohuwa ta tambayi ma'aikaciyar jirgi ko Makka za a mayar da su, don ita dai ta gaji.

Sun sauka lafiya bayan minti ashirin.

Bayan mako guda aka zauna bincike. Duk abin da ya bi ta rediyo ana naɗarsa, don haka aka kunna faifan a gaban kowa. Kyaftin ya saurari kansa daga farko har ƙarshe, idonsa a kan teburi.

Mai binciken ya juya wajen Lurwanu.

"Yaushe ka lura tashar ta yi shiru?"

"Kamar daƙiƙa arba'in kafin in yi magana."

"Me kake jira?"

"Ina jira ya kai aya."

Mai binciken ya rubuta wani abu a takarda, ya tura wa Kyaftin. A gudun da suke yi, daƙiƙa arba'in kusan kilomita uku ne.

Darasi:

Maɓallin da ya maƙale ƙarfe ne, an canza shi a ranar. Amma mutumin da ya ga alamar hatsari yana zaune a gefen Kyaftin, an riga an koya masa cewa yin shiru shi ne tarbiyya.

Idan kai babba ne, a gida ko a wurin aiki, kuma ka lura an daɗe ba wanda ya ce maka komai, kada ka ɗauka lafiya ce. Wataƙila akwai mai jira ka kai aya.

Ka tura wannan ga wanda kake jin nauyin katsewa. Idan kuma kai aka turo wa, ka tambayi wanda ya turo me ya gani.