Akoli Mai Saƙo, Fasinjan Malam Halidu

Kafin rana ta fara gasa kwanon tashar motar Arlit, Akoli ya riga ya share ƙofar ɗakin saƙo, ya ɗora shayinsa a garwashi, ya zauna jiran motar Agadas. In ta iso, fasinjoji su sauko suna miƙa suna tsine wa ramukan hanya, shi kuwa idonsa na kan kayan da aka jibge a ƙasa: buhun barkono daga Maraɗi, kwalin magani daga Yamai, ƙullin atamfa da wata uwa ta aiko wa ɗiyarta daga Tawa. Ya ɗaure su a bayan tsohon babur ɗinsa har su ɗara rawaninsa tsawo, ya shiga gari. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana wannan aiki, kuma babu gida a Arlit ko Akokan da bai san tarin babur ɗin nan ba.

Mutumin Gougaram ne, dogo, siriri, maganarsa kamar da kuɗi yake sayenta. Hausarsa ta tasha ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. Ku tambayi duk wanda kuka ga dama, Akoli bai taɓa buɗe saƙon wani ba, bai ma taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Mu mutanen garin nan kuwa, Allah na tuba, ko baƙar leda maƙwabci ya shigo da ita sai mun san nama ne ko sabulu. Saƙo ɗaya tak ya taɓa sa shi tambaya, kuma labarin wannan saƙon ne ya sa muka ce ba zai ajiye aiki shiru ba.

Saƙon na Radiyya ne, malamar lekwal, wato makarantar boko, autar Malam Halidu. Shi Malam Halidu tun yana saurayi ya baro Damagaram, ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata wurin haƙar ma'adinai. Yanzu tsufa ya taɓa masa tunani. Yakan manta ya ci abinci, yakan tambayi matarsa da ta daɗe da rasuwa. Amma kullum da safe sai ya sa tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya fita da ƙafa, babu wanda ya isa ya tsayar da shi. Wani lokaci ya dawo da kansa, sau da yawa kuma Akoli ne ke kawo shi.

Yayan Radiyya, Zayyadu, yana sayar da kayan mota a Agadas, kuma tsoro ya hana shi sakat. "A kulle shi a ɗaki kawai," in ji shi a waya. "Gara ya yi fushi da mu yana gida da a tsince shi bayan gari ƙishirwa ta gama da shi."

Radiyya ta san abin da kulle yake nufi, domin an taɓa gwadawa. Ranar tsohon ya yi ta dukan ƙofa yana kuka, yana cewa mutane na tsaye a rana suna jiransa, za a ce ya ci amanar aiki. Ta buɗe masa tana kuka ita ma, ta rantse ba za ta sake ba.

A cikin wannan ja-in-ja ne ta ga tallan wani agogo a wayarta. Ba a ma fara sayar da shi ba tukuna, kamfanin dai ya ce mai so ya biya ya kama layi. Wai in mutum ya ɗaura shi, za a ga inda yake a wayar wani, ɗigo ne ke tafiya a kan taswira. Wata ƙawarta a Yamai ta kama mata layin. Ta roƙi Zayyadu ya dakata har agogon ya zo.

"Na ji," in ji shi. "Amma in Baba ya sake ɓacewa kafin nan, magana ta ƙare."

Daga ranar Radiyya ta zama 'yar tasha. Ta taso daga lekwal ta biyo ɗakin saƙo: "Baba Akoli, babu labari?" Shi kuma ya ce, "Ɗiyata, ka yi haƙuri, abin ko haihuwarsa ba a yi ba."

Ranar da kamfanin ya fito da agogon a idon duniya, a wayarta aka kalla, a bencin tasha, kawuna sun haɗu kamar ana rabon nama. Wani mutum a can ƙasarsu yana ɗaga hannu, jama'a na tafi. Masu kabu-kabu suka bar fasinja suka leƙo. Madina mai waina ta bar tanda a wuta. Akoli ya daɗe yana kallo ta saman rawani, can sai muka ji abin da ba mu taɓa ji ba.

"Wai shi wannan agogo, ta ina yake ganin mutum?"

Aka ce da tauraron ɗan adam yake magana.

"To wa zai gaya wa tauraron wane ne Malam Halidu?"

Aka kwashe da dariya, amma shi ko murmushi bai yi ba, da gaske yake son sani. Ya tambaya ko agogon yana gane mutum in ya shiga inuwar bango. Ya tambaya ko yana sanin mai shi ya ji ƙishirwa. Radiyya ta ce wannan kam ba ta sani ba. Ya gyaɗa kai ya koma wajen shayinsa.

An fito da agogo a duniya, amma duniya daban, Arlit daban. Yau a ce ya baro ƙasarsu, gobe a ce yana Yamai ana jiran mai tahowa, jibi a ce motar da ta ɗauko shi ta lalace bayan Tawa. Gari kuwa ya ɗauki zancen. Wasu suka ce yana ƙirga bugun zuciya, wasu suka ce har ƙarya yana ganewa, Madina ta ce in haka ne a kawo mata ɗaya ta ɗaura wa mijinta. Ita Radiyya ba ta iya dariyar, don kullum in ta fita aiki zuciyarta a gida take barinta.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ba ta mamaki. Ita in ta fita neman mahaifinta sai ta zaga rabin gari ba ta gan shi ba, Akoli kuwa kamar da igiya yake jawo shi. Ta taɓa tambaya, ya ce, "Hanya ce ta haɗa mu."

Amsar ta zo mata a ranar da ta fi tsoro. Ta dawo da azahar babu Baba a gida, babu shi a masallaci, babu shi a kasuwa. Ta iso tasha, ta tarar da kayan mutane a jibge, babu Akoli babu babur. Madina ce ta riƙo hannunta ta zaunar da ita.

"Ke Radiyya, ashe ba ki sani ba? Babanki ba yawo yake ba, aiki yake fita. Hanyar motarsa ta da yake bi, matsaya bayan matsaya, inda yake ɗaukar ma'aikata. Akoli ya gane haka tuntuni. Kullum sai ya tare shi a wata matsaya, ya kashe babur, ya ɗaga hannu ya ce, 'Direba, akwai wuri?' Babanki ya ce ya shiga. Akoli ya ce unguwarku za a sauke shi. Shi ke nan sai tsoho ya kama hanyar gida, shi a gaba, Akoli a baya yana turin babur."

"Turi? Me ya hana ya goya shi?"

"Direba ya zauna a bayan wani? Ai ko kusa! Da idona nake gani kullum. Yau dai an haƙe hanya wajen gidan ruwa, ana sa bututu, tsohon ya kauce ya miƙe wajen garaken dabbobi da ke bayan gari. Da Akoli bai same shi a inda suka saba ba, ya zubar da kayan nan ya bi sawu."

Sai da la'asar ta yi sanyi suka ɓullo ta bayan garake. Malam Halidu a gaba, leɓɓansa sun bushe, amma ƙirji a buɗe kamar mai riƙe da sitiyari. Akoli a baya, zufa ta jiƙa rawani, gorar ruwansa babu ko ɗigo domin tsohon ya shanye. Radiyya ta tsaya tana kallonsu, kunya da godiya suka haɗu mata. Ashe duk ƙorafin da mutane ke yi cewa Akoli ya tsufa, saƙo ba ya isa da wuri, saboda mahaifinta ne.

Kai ne, Akoli, ka sha zagin masu kaya ba ka taɓa cewa ga dalili ba. Kai ne ka ga tsoho a rana ba ka ce masa ya ɓata ba, ka bar masa girmansa na direba, ka zama fasinja. Mai amana ɗan Abzin, wannan dabara ko a lekwal ba a koyar da ita.

Labari ba ya kwana a Arlit, ya isa Agadas kafin magariba. Abin dariya abin tausayi, washegari motar da ta kawo Zayyadu da fushinsa ita ce ta kawo agogon. Akoli ya ɗauki ɗan kwalin, ya juya shi, ya ce, "Duk surutun nan a kan wannan?" Bai ɗaure shi a bayan babur ba, a aljihun ƙirji ya sa shi, ya kai har tsakar gida.

Radiyya ta haɗa agogon da wayarta, ɗigo ya bayyana daidai kan gidansu, maƙwabta suka yi salati. Ta durƙusa ta ɗaura wa mahaifinta. Tsohon ya kalli hannunsa, ya kalli mutanen da suka cika gidan, idonsa ya tsaya a kan Akoli. Sai ya kwance agogon.

"Ni ban taɓa makara ba," in ji shi. "Ga wanda ke buƙatar agogo nan. Wannan fasinja kullum sai na kusa tashi yake zuwa."

Ya kamo hannun Akoli ya ɗaura masa da kansa. Akoli ya yi ƙoƙarin cirewa, tsohon ya daka masa tsawa. Radiyya ta lallaɓa, ta sake gwadawa, ya ɓoye hannayensa a hammata kamar yaron da za a yi wa allura. Wata da watanni ana jira, ga abin ya zo, ga shi a hannun da ba nasa ba.

Zayyadu ya share fuska da tafin hannu. Muryarsa ba ta fushi ba ce, ta gajiya ce. "Kin gani ko, Radiyya? Na ba ki lokaci. Gobe zan kira kafinta ya gyara ƙofar."

Akoli ya dubi agogon, gaba da baya. Kowa a tasha ya san ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaji, 'yan'uwansa na jiransa a Gougaram da awakinsa, ya daɗe yana zancen ranar da zai kwana inda babu ƙarar injin. Ya ɗago ya dubi Radiyya.

"Ɗiyata, abin nan, duk wanda ya ɗaura shi yake nunawa?"

"E, Baba."

"To ka riƙa duba wayarka. Inda ka gan ni, nan yake."

Zayyadu ya ce, "Baba Akoli, ba an ce gida za ka koma ba?"

"Zan koma. In direba ya ajiye mota."

Zayyadu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Kafinta dai bai zo ba.

Akoli ya ajiye aikin saƙo kamar yadda ya ce, ya miƙa babur ga wanda ya gaje shi, amma bai bar Arlit ba. Yanzu in Radiyya na cikin aji, takan ɗan leƙa wayarta a ƙarƙashin tebur. Ɗigon na tafiya a hankali, ya tsaya a wata kwana, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ɗigo ɗaya ne a taswira, amma ta san mutum biyu ne, kuma ɗayansu yana riƙe da gorar ruwa. In wuta ta ɗauke daga tashar lantarki ta Anou Araren, agogon ya mutu babu caji, ko a jikinta.

Jama'a, a kowace unguwa akwai tsohon da ke fita aikin da ya ƙare tuntuni, akwai tsohuwar da ke neman ɗan da ya girma ya bar gida. Kafin mu kai hannu ga ƙofa, mu tambayi kanmu ina suke zuwa. Wani lokaci abin da suke buƙata bai wuce wanda zai bi bayansu ya ce a sauke shi a gida ba.

Mun gode, Akoli. Ka kai mana saƙonninmu ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba, ka kuma riƙe mana wanda babu wanda ya aiko ka da shi. Allah ya ƙara wa gwiwoyinka ƙarfi, ya kai ka Gougaram lafiya a lokacin da ya dace. Ranar da kai ma ƙafa za ta ɗauke ka ka rasa hanya, Allah ya sa wani daga cikinmu ya tare ka ya ce akwai wuri.