Mai Narkar da Kwalta a Tashar Keita

A tashar Keita, Yalwa mai ƙosai tana kallon wani baƙo, dogon dattijo mai tabon kwalta har gwiwar hannu. Yana durƙushe gaban duron da kwalta ta daskare a ciki, wadda masu gyaran hanya suka fid da rai da ita. Yana tsiyaya wani mai, launin zuma, yana juyawa da sanda a hankali. Yalwa tana jin ya daɗe yana wannan gwaji ana yi masa dariya.

"Bawan Allah, gazuwal ne, man manyan motoci?"

"A'a, Hajiya, tsohon man suya ne irin naki, na tace na dahwa!"

Sai ga kwalta tana malalowa. Dattijon ya miƙe yana taka rawa, Yalwa kuwa ta rangaɗa masa guɗa, ko sunansa ba ta sani ba.