Moɗar Yaya

Na yi daka, na yi surfe, na yi goyo har shida, amma ban ga aikin da ya cinye ni kamar tafasa ruwa ba. Har yau in na ji ƙaurin hayaƙi a cikin ruwan sha sai gabana ya faɗi.

Muna zaune a Tudun Wada cikin Gusau lokacin, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Maigidana yana aiki a masaƙa. 'Ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara huɗu da mace wadda ban daɗe da yaye ta ba. Sai amai da gudawa ta shigo gari. Da farko labarinta muke ji daga bakin direbobi a tasha, daga baya muka riƙa jin salati ta kan katanga. Yarona ya ci ɗumame da safe yana tsokanar ƙanwarsa, kafin azahar idanunsa sun faɗa, in ka ja fatar hannunsa ba ta komawa. Washegari da hantsi aka kai shi.

Bayan kwana bakwai duba-gari suka shigo unguwarmu suna bi gida gida. Suka ce ciwon a cikin ruwa yake, kowa ya riƙa tafasa na sha. Mata suka yi ta dariya a bayansu, wai yaushe ruwa ya zama nama. Ni ban yi dariya ba. Na samu abin da zan riƙe, na kuwa riƙe shi da hannu biyu. In tafasa na sha, in tafasa na wanke kwano, in tafasa na kurkure bakin yarinya. In ɗaure bakin tukunya da tsumma, in na juya baya sai zuciyata ta ce ƙuda ya taɓa, in kwance in sake ɗorawa. Maƙwabta suka gaji da aiko min da tuwo ina mayarwa, suka daina. Maigidana, mutum mai haƙuri, ya taɓa cewa cikin wasa ko iccen Gusau gaba ɗaya aka ba ni kwangilar ƙonewa. Na yi masa kallon da bai sake yi min wasa ba har wata uku.

Ciwon kuwa ya ƙi tafiya. Ya lafa, mutane su ce alhamdu lillahi, sai a ji ya ɓulla a Wonaka, ko a ce ya kwashi gida guda a Nahuce, ya sake zagayowa. Da fari in an yi rasuwa a unguwa nakan yafa gyale in tafi. Daga baya sai dai in ce, "Wa kuma?" in ci gaba da hura wuta. Hawayena suka ƙafe tun ranar ukun yarona. Nakan tsaya salla in rasa raka'a ta nawa nake. Gashina ya riƙa biyo mataji. Ba ni da ciwon da zan nuna wa wani, amma in na tashi da safe ji nake kamar na kwana ɗauke da turmi. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Mutum ɗaya ce ta gane halin da nake ciki, ita ce Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, 'yan Bunguɗu ne mu. Innarmu ta rasu ina da shekara shida, Yaya ce ta goya ni, da aka yi mata aure a Tsafe ta tafi da ni, a ɗakinta na girma, ita ta aurar da ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, takan ce ni ce ta fari ni ce auta. Da yarona ya rasu ta zo ta yi kwana bakwai tana ɗura min kunu kamar jaririya. Bayan ta koma, duk ranar kasuwar Tsafe sai direba ya tsaya ƙofar gidanmu da saƙonta: in zo in huta, in ajiye kaina ko na sati guda ne. Sai da aka yi wata takwas maigidana ya ce in dai ba so nake in haukace a gabansa ba, in shirya in tafi.

Na goya yarinya, na cika kwalba da tafasasshen ruwa, muka hau mota. Motar ta lalace a hanya, muka yi zaman jiran gyara cikin rana har ruwan ya ƙare. Muka isa Tsafe bayan azahar, duwatsun garin suna huci, leɓen yarinyar ya bushe.

Yaya ta fito da gudu tana tafa hannu, "Oyoyo, oyoyo! Yau wa nika gani?" Ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Matan maƙwabta uku suka shigo taya ta murna. Ta nufi randa, randar Innarmu ce da ta ɗauko tun daga Bunguɗu, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta durƙusa ta miƙo. Abin da kowa ke yi wa baƙo ke nan kafin a tambaye shi lafiyar gida. Yarinyar ta miƙa hannu biyu ta kai baki.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na kaɓe moɗar, ta daki gindin turmi ta tsage, ruwan ya jiƙa zanen Yaya. Na ji bakina yana cewa, "So kike ki kashe min wagga ma?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Yaya ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ɗauki moɗar ta duba tsagar, ta ce a hankali, "Ruwan randag ga na ba ki tun ba ki san sunanki ba. Bai kashe ki ba."

"Wancan lokaci daban, yanzu daban," na ce.

"To, bari in ɗora in tahasa maku. Yanzun ga."

Da na yi shiru kawai, da ta ɗora, da mun sha, da maganar ta wuce kamar yadda ta 'yan'uwa ke wucewa. Amma matan nan uku suna kallona, kunya ta kama ni, ni kuwa kunyata fushi take komawa, halina ke nan tun ina ƙarama. Na ce ta bar shi, mun koma. Na saɓa yarinya a baya. Ta biyo ni har zaure tana cewa in dubi Allah in zauna, rana ta yi. Ban waiwaya ba. A tasha na roƙi mai shayi ruwan zafi na fifita na ba yarinyar, muka hau motar da ta kawo mu.

Saƙon Yaya bai yanke ba. Ranar kasuwa direba ya kawo daddawa, wata ranar kuka, wata ranar gyaɗa, kullum da magana ɗaya: tana gaishe ni, ƙofa a buɗe take. In karɓa in ce a gaishe ta. Wallahi ba fushi nake yi ba, fushin ya mutu tun kafin mu iso Gusau. Neman gafara ma ƙarfi yake so, ni kuwa ba ni da ko na kitse kaina. Nakan ce bari ciwon nan ya wuce, in je da hankalina, in sayi sabuwar moɗa in kai mata mu yi dariya. Wannan satin in ce na gaba, na gaba in ce na gaba. An ce zumunta a ƙafa take, tawa ƙafar tana gindin murhu.

Damina ta dawo, ciwon ya dawo da ita. Wata safiya direban ya yi sallama ba ranar kasuwa ba, hannunsa ba komai. Tun kafin ya buɗe baki na zauna a ƙasa.

Ko da na isa Tsafe an riga an kai Yaya. Kwana ɗaya da wuni ta yi. Na shiga gidan na tarar duba-gari sun zo, sun kife randar Innarmu a tsakar gida, sun barbaɗe ko'ina da farin magani. Ashe ni ce da gaskiya a kan ruwan. Ban taɓa ƙin wata gaskiya kamar yadda na ƙi wannan ba, ba ta tsinana min komai ba.

Na zauna cikin mata. Ana ta yi min gaisuwa, ina amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki," idona kamas. Na san suna kallona, na san wasu suna tuna ranar moɗa. Na matse zuciyata ko ɗigo ɗaya ya fito, ko don Yaya kada a ce ta yi rainon banza. Babu.

Sai wata tsohuwa ta tashi, maƙwabciyarta da muke kira Inna, ita ta yi mata wanka, tana kuma cikin ukun da suka ga abin da na yi. Ta ce, "Ɗiyag ga ta sha hanya, ba a ba ta ruwa ba." Ta shiga ɗakin Yaya ta fito da wata 'yar tukunya, an rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma, irin ɗaurin da nake yi. A kan faifan akwai sabuwar moɗa. Ta ajiye a gabana.

"Naki na," ta ce. "Tun rad da kinka tahi, duk ranak kasuwa sai ta tahasa ta aje, ta ce ko kina cikin motar yau. In mota ta wuce ba ki ciki, ta bar shi har wata kasuwa, ta zubar ta ɗora sabo. Mun ce mata ke ma ki riƙa sha mana. Ta ce ita ba ta iya shan ruwan wankan jego, na baƙuwatta na. Wanga shekaranjiya waccan ta ɗora shi, tana bisa ƙahwahunta lahiya lau."

Na kwance tsumman. Ruwan ya yi sanyi, toka ɗan kaɗan ta kwanta a ƙasansa. Na ɗiba na sha. Salam yake, sai ƙaurin hayaƙi, irin wanda na yi shekara ina sha ina tsinewa. Na sake ɗiba. A moɗa ta uku na fashe da kukan da ban yi wa ɗana ba, na yi na Yaya, na yi na duk waɗanda na ce "wa kuma" a kansu. Ba wadda ta ce in yi haƙuri. Suka bar ni har na shanye tukunyar.

Na ajiye moɗar, na ɗaga kai zan ce sannu da aiki, kamar yadda Yaya ta koya min in ce wa duk wanda ya ba ni ruwa. Na duba fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wadda zan gaya wa ba.