Abin da ya hana taraktarmu ɗaga garma

Jama'a, yau na ga ɗinkin hannuna cikin tarakta!

Marigayi Alhaji, maigidana, ya saye ta shekarar farin da ya kashe shanun Morai, ina da cikin Sani. Kwana uku ke nan ta ƙi ɗaga garma, ga ruwa ya sauka. Sani ya ce in ba ta gyaru yau ba, 'yan gwangwan zai kira su saye ta.

Bakanike ya zo daga Bakura. Ya duba mai, cike. Ya bi tiyo, ba yoyo. Da ya zaro matacin mai, sai ga ruɓaɓɓiyar fata ta toshe shi!

Ya ce, "Inna, ɓera ne?"

Na ce, "Ɓera da ɗinki? Laya ce. Ni na ɗinke ta, Alhaji ya ɗaure ta ciki don tsari."

Ya wanke, ya mayar, garma ta tashi! Sani na ta kabbara. Ni ko ban ji komai ba, na dai riƙe fatar.

Mu huɗu munka san da ita. Alhaji da malamin da ya rubuta sun tafi. Saura ni da Garba, direbanta na farko, shi kuma tsufa ya sa ba ya gane kowa.