Hannun da Malam Isufu Bai Ɗaga Ba

Tsufa ya kwashe mini sunaye da fuskoki da yawa, amma ranar da na fara rubuta takardar zaman komite tana nan a raina daram. Ku da kuke riƙe da alƙalami a biro, wato ofis, yanzu, ku ba ni kunnenku.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da ƙasa. Fitowata daga lakwal, wato makarantar boko, ke nan aka ɗauke ni mataimakin sakatare a komiten jam'iyya na yankinmu, wani gida mai ɗaki biyu a Kalley, nan Yamai. Wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka komite wurin shan shayi ne. Ina! Komite ke ba da katin jam'iyya, in ba ka da kati kuwa ba rumfa a kasuwa, ba aikin gwamnati. Ƙananan komitocin unguwanni su kawo mana rahoto, mu tace, mu aika sama. Mambobinmu goma sha biyu ne, ban da mu masu rubutu, kowa da sana'ar da yake wakilta. Shugaba shi ne Alhaji Ɗanjuma, attajiri mutumin Maraɗi. Sakatare kuma Mushe Garba (Mushe laƙabi ne na 'yan boko daga Faransanci), tsohon malamin lakwal, shi ne maigidana.

Kowace Alhamis bayan la'asar ake zama. A yi magana da Hausa da Zabarmanci, sakatare ya rubuta da Faransanci, kashegari a buga a mashin kwafi uku. Ɗaya a ajiye a biro, ɗaya ga kumandan mai mulkin yanki, ɗaya ga babban biron jam'iyya. Ni dai na raina aikin Mushe Garba. A shafe awa uku ana cacar baki, shi kuma ya fito da rabin shafi, ya rufe da cewa an amince baki ɗaya. A raina nakan ce tsohon nan lalaci ya cinye shi, bari alƙalami ya zo hannuna su ga yadda ake aiki.

Wata Alhamis da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, alƙalami ya zo hannuna.

Abin da ke gaban komite ranar shi ne sunayen mutanen da unguwanni suka ce suna tare da 'yan adawa, a karɓe katinsu. Cikinsu akwai wani direba, Hamidu, wanda laifinsa kawai bai je taron gangami sau biyu ba. Da aka karanta sunansa sai Malam Isufu Tela ya gyara zama. Mutumin Tawa ne, wakilin teloli, ba mai yawan magana ba. Shi ya ɗinka mini kakin da na fara zuwa aiki da shi.

Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, Hamidu maƙwabcina ne. Ranakun nan biyu yana asibiti, matarsa ce ta sha wuyar haihuwa. Ni da kaina na kai musu abinci."

Alhaji ya ce, "Malam Isufu, sunan daga unguwa ya zo. Ba mu muka sa shi ba."

"To mu ne za mu ɗaga hannu, ai. Ni ba zan ci naman bawan Allah ina sane ba."

Aka zo ɗaga hannu. Goma sha ɗaya suka tashi, na Malam Isufu yana kan gwiwarsa. Alhaji ya ɗaga kai yana duban rufin ɗaki, ya ce, "Madalla, an gama." Babu wanda ya waiwayi tela. Ni kaɗai na zuba masa ido, ina rubutu kamar ana korata.

Kashegari na buga shafi uku cur. Na sa sunansa, na sa maganarsa kalma bayan kalma, na sa cewa mutum ɗaya bai amince ba. Na kai wa Alhaji a kantinsa. Ya ce, "Ɗana, idona ba ya shiri da Faransanci, nuna mini wurin." Ya sa hannu. Planto, wato masinjanmu, ya hau keke ya rarraba. Wallahi ranar har tafiyata ta sake don jin kai.

Ran Litinin Mushe Garba ya dawo, duk ya rame. Na miƙa masa kwafin biro ina jiran yabo. Ya karanta a tsaye, ya koma farko, sannan ya zauna.

Ya ce, "Sani, sauran biyun fa?"

Na ce, "Sun tafi tun Juma'a, Mushe."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Kana tsammani ban iya cika shafi uku ba? Tun ranar da na zauna kujerar nan ake musu a ɗakin can. Akwai wanda ya taɓa zagin minista a gabana. Ka taɓa jin an kama wani? A ɗaki kowa ya faɗi cikinsa, a takarda bakinmu ɗaya. Alhaji ya dubi rufi don kada ya ga hannun, kai kuma ka ɗauki hannun ka kai musu har gida."

Na ce a bar ni in je in karɓo, in ce kuskuren mashin ne. Ya ce takardar da ta shiga babban biro ba ta da ƙafar dawowa. Duk da haka Alhaji ya sa babbar riga ya tafi can da kansa. Aka bar shi a benci har azahar, sannan aka tambaye shi ko ba sa hannunsa ba ne a ƙasan takardar. Ya dawo hannu banza.

Ran Laraba da hantsi jandarmomi biyu suka zo rumfar Malam Isufu, kasuwa cike, suka tafi da shi, rigar wani tana ƙarƙashin allurar keken ɗinki ba a gama ba. Alhamis komite ya zauna ya kore shi daga jam'iyya, hannu goma sha ɗaya. Ni na buga wannan ma, rabin shafi. Hamidu kuwa katinsa ya tafi duk da haka, mai motar ya sallame shi, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye.

Malam Isufu ya haura shekara biyu a kaso, wato kurkuku. Da aka sako shi na yi sati ina zagaya layinsu, kunya ta hana ni shiga. Ranar da na yi ƙarfin hali na same shi a zaure gaban kekensa, yana ta laluben kafar allura da zare. Duhun ɗakin da aka ajiye shi ya ci idonsa. Na durƙusa na gaida shi, na ce ni ne Sani, ni na rubuta takardar, ya yafe mini.

Ya ce, "Abin da ka rubuta, na faɗa ko ban faɗa ba?"

Na ce, "Ka faɗa, Baba."

"To ba ka yi mini ƙarya ba. Na yafe. Amma Hamidu fa, an mayar masa da katinsa?"

Na ce a'a. Sannan ya miƙo mini zaren ya ce, "Taimaka ka zura mini, kai idonka na gani."

Na zura masa. Ina fita na jingina da bango na yi kuka kamar yaro.

Bayan Mushe Garba ni na gaji kujerar, kuma har na bar ta ban sake sa sunan kowa kusa da maganarsa ba. Ban ce muku hakan daidai ne ba, ƙarya ce muka riƙa bugawa kowace Juma'a, kuma da ita muka rufa wa mutane asiri. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, kafin ka rubuta sunan mutum ka tambayi kanka teburin wa takardar za ta sauka. In kuma wata rana kun buɗe tsofaffin takardunmu kun ga an amince baki ɗaya, kada ku ce duk matsorata ne suka zauna a ɗakin. Akwai hannuwan da ba su tashi ba, sakatare ne ya ɓoye su. Guda ɗaya tak za ku samu da suna, kuma ni na rubuta shi.